Sana'ar gano aibin ƙarfe da kankare: me ɗan Kaduna zai koya, wa kuma zai ba shi aiki?

Bututun iskar gas da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, daga Ajaokuta ya ratsa Abuja da Kaduna zuwa Kano, tsawonsa kilomita 614 ne, faɗin bakinsa kuma inci 40. Guntu-guntu ake kawo bututu irin wannan, kowane guntu kimanin mita 12, sai a jera a haɗe da walda. In ka buga lissafi za ka tarar mahaɗun sun kai wajen 50,000. Mai walda yana gama tasa sai ya matsa gaba, amma a ƙa'idar aikin ba a binne wurin sai wani mutum daban ya zo da na'ura ya leƙa cikin waldar, ya rubuta cewa ta yi ko ba ta yi ba, ya sa hannu. Sana'ar wannan mutumin ita ce 'yan aikin ke taƙaitawa da NDT, wato gwajin da ake yi wa abu ba tare da an lalata shi ba.

Gwajin da muka fi sani a harkar gini na ɓarna ne. Ana ɗibar kankare ranar da ake zuba dekin, a cika 'yan akwatuna masu milimita 150, bayan kwana 28 a sa a inji a matse har su farfashe, a karanta nauyin da suka iya ɗauka. Rodi kuma a ja shi har ya tsinke. Wannan yana gaya maka ƙarfin samfurin da ka lalata, amma ginshiƙin da ke ɗauke da bene, ko gadar da tireloli ke bi ta kanta dare da rana, ba mai farfasa su don ya ga lafiyarsu. Dole a tambaye su suna tsaye. Matar da ta je sayen tukunyar ƙasa takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurara: mai lafiya amonta garau ne, mai tsaga kuwa sai ta amsa a dakushe. Tushen ilimin ke nan. Abin da aka ƙara shi ne na'urori, da lissafi, da ƙa'idar da ta rubuta girman aibin da za a iya yafewa da wanda dole a yanke a sake.

Hanya ta farko ido ne, kuma ɗalibai sun fi raina ta. Fitila, madubi, ma'aunin kaurin walda, sai sanin abin da ake nema. Rami a gefen walda inda wuta ta cinye ƙarfen, ko walda mai tudu da kwari, duk ido ke fara kama su, kuma waldar da ta faɗi a ido ba a ɓata kuɗin na'ura a kanta.

Daga nan sai jan ruwa. Gwangwani uku ne na fesawa. A wanke wurin tas, a fesa jan ruwa mai saurin kutsawa, a ba shi 'yan mintuna ya shige duk wata tsaga, a goge saman, a fesa farar hoda. Hodar na tsotso jan da ya maƙale a ciki, sai tsagar da ido bai gani ba ta fito ja-wur a kan fari. Mai sauƙi ne, amma tsagar da ta buɗe baki a waje kaɗai yake nunawa. Akwai kuma abin da ya shafe mu nan: ƙa'idojin gwajin sun tsaya ne a zafin da bai wuce kusan digiri 50 ba, ga shi ƙarfen da ya wuni a ranar Maris ko Afrilu a Kaduna hannu ma ba ya iya daɗewa a kansa. Jan ruwan sai ya bushe kafin ya shiga, gwaji ya nuna lafiya lau alhali ba a gwada komai ba. A hunturu kuma ƙura ce ke toshe bakin tsagar. Hanya ta uku maganaɗisu ne da garin ƙarfe: inda tsaga take, ƙarfin maganaɗisun na tsallakowa waje, garin ya taru a wurin ya zana ta. Ba ya aiki a kan alminiyam ko tagulla, sai ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa.

Inda karatun ya yi nauyi shi ne hanyoyi biyun da ke shiga cikin ƙarfe: sauti da hoto.

Na'urar sautin dangin wadda ake yi wa masu juna biyu sikanin ce a asibiti. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa tana aika sauti mai kaɗawa miliyan 2 zuwa miliyan 5. Sautin yana gudu a cikin ƙarfe kimanin mita 5,900 a daƙiƙa, ya bugi bayan ƙarfen ya dawo. A farantin da kaurinsa milimita 10 ne, zuwa da dawowa bai cika kashi 4 cikin miliyan na daƙiƙa ba. In amsar ta dawo da wuri, wani abu ya tare ta a hanya, ko kuma tsatsa ta cinye ƙarfen daga ciki ya sirance. Da haka ake gane cewa tankin mai ko tukunyar tururi da ke sheƙi da sabon fenti ta kusa hudewa. A kan walda kuwa ba a aika sautin a miƙe, a karkace ake harba shi, a kusurwar digiri 45 ko 60 ko 70, ya yi tsalle daga ƙasan faranti ya hau cikin waldar. Allon na'urar ba hoto yake nunawa ba, wasu tsinaye ne ke tashi suna sauka, kuma mai gwajin ne zai yi lissafin kusurwa ya ce wannan tsinin tsaga ce a zurfin milimita kaza, wancan kuma siffar waldar ce kawai. Duk wanda ya gudu daga lissafin kusurwa a sakandare, a nan zai sake gamuwa da shi. Kafin a fara aiki kuma sai an daidaita na'urar a kan wani guntun ƙarfe da aka san awonsa, don na'urar da ba a daidaita ba lamba za ta ba ka, kuma lambar za ta yi kama da gaskiya.

Hoton kuwa irin na ƙashi ne, wanda asalinsa ke komawa ga binciken Röntgen na 1895. A fili, inda ba lantarki, an fi amfani da wani ɗan ƙanƙanin sinadari mai fitar da haskoki masu ratsa ƙarfe, yawanci iridiyam-192, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan kwana 74. Ana ɗaura fim a bayan walda, a turo sinadarin daga cikin garkuwarsa da dogon waya daga nesa, a ƙidaya lokaci, a mayar. Kumfar iska da dattin walda da ya maƙale a ciki suna fitowa baƙi a fim ɗin. Abin mamaki, tsaga siririya, wadda ta fi su haɗari, tana iya ɓuya wa hoto in ba ta dace da hanyar hasken ba, sauti kuwa ya kama ta. Shi ya sa babu hanya ɗaya da ta wadatar, kuma rabin ilimin shi ne sanin abin da kowace hanya ba ta iya gani.

Aikin hoto yana da kuɗi, yana kuma da haɗarin da ba ya wari ba ya zafi a lokacin da yake yi maka illa. Yawanci da dare ake yinsa bayan an sallami sauran ma'aikata, a kewaye wurin da igiya, kowa da bajon da ke ƙidaya hasken da jikinsa ya sha. A 1999, a wata tashar lantarki ta Yanango a ƙasar Peru, wannan sinadarin ya faɗo daga garkuwarsa ba a lura ba, wani mai walda ya tsinta ya sa a aljihun wandonsa na baya ya ci gaba da aiki. Ƙarshenta sai da aka yanke masa ƙafa. A garin da 'yan gwangwan ke bin kowane lungu suna sayen duk wani ƙarfe mai nauyi, wannan labari ya isa ya sa a fahimci dalilin da ya sa mallakar sinadarin da safararsa suke hannun hukumar kula da harkar nukiliya ta ƙasa, NNRA, wadda dokar 1995 ta samar. Zariya na da gata a nan, don cibiyar binciken makamashi, CERT, ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai ɗauke da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, tana da masanan da kariya daga waɗannan haskoki shi ne aikinsu na kullum.

To, yaya ake zama ma'aikacin? Nan ne matasa suka fi faɗawa rami. Sana'ar ba ta tafiya da digiri ko difloma. Mataki uku gare ta. Mai mataki na 1 yana yin gwajin ne bisa umarnin da aka rubuta masa, ya rubuta abin da ya gani, amma ba shi da hurumin yanke hukunci. Mai mataki na 2 shi ke daidaita na'ura, ya fassara sakamako, ya auna shi da ƙa'ida, ya ce a karɓa ko a yanke. Mai mataki na 3 shi ke rubuta tsarin gwajin, ya horar ya kuma jarraba na ƙasa da shi. Kowace hanya da takardarta: ƙwarewa a jan ruwa ba ta ba ka izinin taɓa na'urar sauti.

Tsarin bayar da takardar iri biyu ne a duniya, kuma bambancinsu yana taɓa aljihu. Na Amurka, wanda ƙungiyar masu wannan sana'a ta ASNT ta tsara a kundinta SNT-TC-1A, kamfanin da kake wa aiki ne ke ba ka takardar bisa rubutaccen tsarinsa, ranar da ka bar kamfanin kuma takardar ta tsaya nan, sabon ubangida sai ya sake tabbatar da kai. Ɗaya tsarin, ISO 9712, wanda takardar PCN ta Ingila ke bi, wata hukuma ce mai zaman kanta ke jarraba ka, takardar taka ce kana tafiya da ita, ana sabunta ta bayan shekara 5, a sake jarraba ka bayan 10. Ya fi tsada, ya fi wuya, ya kuma fi daraja wurin mai ɗaukar aiki. A duka biyun akwai gwajin ido, na karanta ƙananan haruffa daga kusa da na bambance launi, kuma ba a cin wani sashe na jarrabawar da ƙasa da kashi 70.

Sai sharaɗin da masu tallan kwas a Facebook da WhatsApp ba sa son ambata. A tsarin Amurka, mai neman mataki na 1 a gwajin sauti yana bukatar awa 40 a aji da awa 210 na aiki da hannu a kan wannan hanyar. Mataki na 2 kuma ƙarin awa 40 a aji da awa 630 a fili, ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware. Kwas ɗin mako biyu zai iya cike awannin aji. Na fili kuwa babu inda ake sayar da su. Wanda ya biya kuɗi mai yawa ya fito da takarda mai tambari, sau da yawa shaidar halartar aji ce ya saya, kuma zai gane haka ne ranar da aka miƙa masa guntun walda a wurin neman aiki aka ce ya nuna inda aibin yake. Ɗan Panteka, kasuwar masu walda da ƙere-ƙere ta Kaduna, ba zai yi mamakin wannan tsari ba, don haka ya koyi tasa sana'ar, shekaru yana miƙa wa maigida kayan aiki kafin a bar shi ya riƙe wuta. Ni a ganina yaron da ya yi shekara uku yana walda a Panteka, in yana da Turancin karanta ƙa'ida da lissafin sakandare, ya fi mai digirin da bai taɓa riƙe ƙarfe ba kusa da wannan aiki, saboda ya san yadda walda ke lalacewa tun kafin a nuna masa a allo.

Matsalar Kaduna ita ce ina za a samu awannin. A takarda garin ya dace da sana'ar. Ga matatar mai da aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, ga kamfanin ƙera makamai na DICON tun 1964, ga layin dogon Abuja da ya fara aiki a 2016, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya da makarantar fasaha ta sojojin sama, AFIT, a nan cikin gari, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Kadpoly, ga kuma hedikwatar NBTE da ke kula da ilimin fasaha na ƙasar baki ɗaya. Amma matatar ta shafe shekaru ba ta aiki yadda aka gina ta ta yi, masaƙun Kakuri da tukwanen tururinsu sun yi shiru, manyan kwangiloli kuma sukan zo da nasu kamfanin gwajin daga kudu, su gama su koma. Kamfanonin da ke wannan aiki kullum, da wuraren horon da aka fi amincewa da su, sun taru ne a Fatakwal da Warri da Legas, inda harkar mai take. Gaskiyar da ya kamata a gaya wa yaro da iyayensa tun farko ita ce akwai barin gida a ciki, aƙalla na shekara ɗaya ko biyu. Ɗalibin Kadpoly da ke neman wurin koyon aiki na SIWES, da ya zauna a ofishin ma'aikatar gwamnati yana cike littafi, gara ya nemi kamfanin gwaji ko da ɗaukar kaya zai riƙa yi, muddin mai mataki na 2 ko na 3 zai sa masa hannu a littafin awanninsa.

Me ya sa aikin ya taru a harkar mai? Saboda a can akwai wanda ke tilasta shi. Mai bututu ba ya biyan ɗan kwangila sai ya ga rahoton kowace walda bisa ƙa'ida irin API 1104 ta waldar bututu, kamfanin inshora ma haka. A harkar gidaje da makarantu da shagunan bene, inda rayuka suka fi yawa, mai ginin shi ne mai biya, kuma shi ne wanda ba ya son jin sakamakon. Bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40. Makarantar da ta faɗo kan ɗalibai a Jos a Yulin 2024 ta kashe 22. Bayan kowanne akan ji ana cewa a gwada ingancin gine-gine, kwana kaɗan maganar ta lafa. Izinin gini da ake karɓa a hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA, abu ne da ake nema kafin a fara. Ginin da aka ɗora wa hawa biyu bayan shekara goma, ko gidan zama da aka mayar makaranta, ba wanda ke kiran mai gwaji sai bango ya fara magana.

Shi kansa gwajin kankare ya fi na ƙarfe wuyar fassara, don kankare haɗin gambiza ne na siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, kuma kowane kwaɓi da halinsa. Na'urar da aka fi gani ita ce gudumar Schmidt, wadda ke dukan fuskar kankare a karanta yadda ta yi tsalle baya. Taurin fata kawai take aunawa. Tsohon kankare da iska ta daɗe tana busawa fatarsa na yin tauri, sai gudumar ta ba da lamba mai daɗin ji, alhali wannan canjin ne ke buɗe wa tsatsa hanya zuwa rodi. Rodi kuwa in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren daga ciki, ruwan damina ya samu ƙofa. Don haka mai gwajin kirki yana haɗawa da na'urar da ke auna gudun sauti daga wannan gefen ginshiƙi zuwa wancan, da wadda ke gano inda rodi yake da kaurin kankaren da ya rufe shi, in ta kama kuma a huda a ciro ɗan samfur a matse. Duk wanda ya zaga bene da guduma kaɗai ya rubuta cewa ginin lafiya lau, takarda ya sayar. Kuma ko an yi duka gwaje-gwajen, mai gwaji lambobi yake bayarwa. Hukuncin ko ginin zai iya ɗaukar nauyinsa na injiniya ne mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN.

Babban masallacin Zariya, ginin ƙasa na shekarun 1830, wani sashensa ya rufta kan masallata a Agustan 2023. Mai martaba Sarkin Zazzau ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga kwana ɗaya kafin nan, ana kuma shirin kawo injiniyoyi. Na'urorin ƙarfe da kankare ba don ginin ƙasa da azara aka yi su ba, amma abin ya nuna tazarar da ke tsakanin ganin tsaga da sanin ko ta kwana ɗaya ce ko ta shekara goma. Amurka ma da jini ta koyi wannan: gadar Silver ta faɗa kogin Ohio a Disambar 1967, mutum 46 suka mutu, dalilin kuma aibi ne mai zurfin kimanin milimita 2.5 a wani ƙarfe guda. Bayan haka ne suka kafa dokar duba gadoji a kai a kai. Duk da dokar, a Mayun 2021 aka tarar da babban ƙarfen wata gada a Memphis ya tsage, aka rufe ta kusan wata uku, sai ga hoton da aka ɗauka tun 2019 yana nuna tsagar. An kori ma'aikacin da ya duba bai gani ba.

Can ganganci ne. Abin da zai fi samun mai gwaji a nan matsi ne. Duk waldar da ya ƙi karɓa, yankewa ne da sake yi da jinkiri, kuma wanda zai yi asarar sau da yawa shi ke biyan kamfanin da ya turo shi, shi ke ba shi masauki da abinci a daji. Za a kira shi gefe a ce, “Malam, ka taimaka, wannan ɗan ƙaramin abu ne.” Akwai tsohuwar maguɗi da aka sani a sana'ar ko'ina a duniya: a ɗauki hoton walda guda mai kyau sau goma, ana canza lambobin darma da ake mannawa a fim, a miƙa a matsayin mahaɗa goma. Ƙwararren mai duba fim yana kama wannan, don babu walda biyu masu zane ɗaya. Rahoton kuma ana ajiye shi shekaru, da sunan wanda ya sa hannu da lambar takardarsa, kuma shi ne abin da masu bincike ke fara nema in bututu ya fashe.

Wanda ya ji zai iya, tsarin da na ga ya fi dacewa shi ne ya fara zuwa asibiti a gwada idonsa, musamman bambance launi, kafin ya kashe ko sisi. Ya fara da gwajin ido da jan ruwa da maganaɗisu, waɗanda awanninsu kaɗan ne kuma su ke sa a ɗauke shi ɗan taimako, daga baya ya hau sauti, wanda ya fi kasuwa yanzu da sababbin na'urorinsa ke karɓe wani ɓangare na aikin hoto. Mata ma ba abin da ya hana su, in ban da aikin hoto da ke da ƙarin ƙa'ida ga mai juna biyu. Kafin ya biya kuɗin kwas kuma ya tambayi masu makarantar a wane tsari takardar take, wane mai mataki na 3 ne zai sa mata hannu, ko za a iya bincika lambar takardar shi wannan mutumin wurin hukumar da ta ba shi, da kuma guntayen walda masu aibi guda nawa suke da su na gwajin hannu.